Baffa da Wanda Ya Tsaya Ta Gefen Jakarsa

Baffa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, an gama girbin gero, dawa ba ta kai yanka ba. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, inda ya saba zama yana gyaran farce.

Mutane sun zo daga Zakirai da Minjibir da ƙauyukan da ke tsakani, kuma kusan duk wanda ya zauna ya shafa fatiha sai ya kawo labarin yadda Baffa ya taɓa korar sa daga masallaci. Wani mai sayar da manja ya ce shi sau biyu aka mayar da shi bakin randa a sallah guda. Ya fara dariya, ya tuna inda yake, ya rufe baki da hannun riga, sai kuma hawaye. A cikin gida Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta ɗauko butarsa ta ajiye kusa da ƙafarta, duk wadda ta miƙa hannu za ta ɗauka don alwala sai ta nuna mata wata.

Wani malami baƙo, abokin karatun Baffa tun suna samari, ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce, "Ɗana, wani abu ya ɗaure mini kai. Ga Liman, ga almajiran marigayi, amma na ga wani tsoho mai faso a ƙafa shi ya fito daga ɗakin wanka. Wane ne shi?"

Na ce, "Kawuna ne, Malam. Wasiyya ce."

Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu ba. Da aka tashi la'asar kuma ya sake kallona, don tsohon nan ya je can ƙarshen sahun farko ta arewa ya tsaya, ya bar gurbin mutum ɗaya tsakaninsa da bango, kuma babu wanda ya ce masa ya matsa. Ban samu sukunin yi wa malamin bayani a ranar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don shi da kuma jikokin Baffa, waɗanda za su tashi su ji ana cewa kakansu mai tsabta ne, su ɗauka iyakar labarin ke nan.

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina bai yi tsawon rai ba, don haka a hannun Baffa na tashi, shi ya kai ni makarantar allo, shi kuma ya bari aka sa ni a boko, ko da yake har ya koma ga Allah bai daina tsokanata da sunan Malamin boko ba. Manomi ne kamar kowa a garinmu, yana kuma karantar da littattafan farko na fiƙihu a zaure bayan sallar asuba. Ba shi ne liman ba, ba shi ne ladan ba. Amma masallacin unguwa a ƙofar gidansa yake, kuma ya ɗauke shi tamkar ɗakin kwanansa. Shi ke share shi, shi ke kaɗe tabarmi ya shanya, shi ke cika randunan alwala. Ko a shekarun da rijiya ta yi nisa, guga na dawowa da rabin laka, ba a taɓa zuwa an tarar da randar masallacinmu a bushe ba.

Wurin tsayuwarsa kuwa sananne ne, daidai bayan liman. Daga nan yake juyowa kafin kabbara ya bi sahu da ido, daga kafaɗa zuwa ƙafa. In ya hango wani da ƙasar gona a dunduniya ko kashin kaji a bakin wando, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sassautawa. Sai ya nuna ƙofa da haɓa ya ce, "Koma ka wanke. Ruwa bai ƙare a duniya ba." Yara sun haddace maganar har suna yi wa junansu a wurin wasa. Ni kaina na sha ta ba adadi, har bayan na yi aure na fara koyarwa a firamare.

Kada a ɗauka mugu ne. Mutumin da zai kore ka ka wanke ƙafa shi ne wanda ya jawo ruwan da za ka wanke ta. Akwai wani tsoho makaho a unguwarmu da ba shi da kowa, Baffa ne ke karɓar rigarsa duk Alhamis ya wanke da hannunsa, ya mayar masa a ninke. Rigar kansa ma bai yarda Inna ta wanke ba, wai mata suna sauri. Inna takan ce ita dai ta huta, Allah ya ƙara masa tsabta.

Shi kuwa Kawu, yayan mahaifiyata, sana'arsa dakon taki. A wajenmu gona ba ta hutawa, kowane taƙi yana da mai shi, gida na ganin gida, kuma gonar da ba ta sha taki ba ba ta ba ka komai. Da zarar rani ya yi nisa Kawu zai ɗaura wa shanunsa amalanke, ya bi turaku da kasuwannin dabbobi da juji yana lodi, yana kai wa mutane gonakinsu. Kowa na bukatarsa, har Baffa. Sai dai aikin ba ya barin mutum da farar riga.

Abin da ya shiga tsakaninsu ya faru ne wata la'asar da aka yi baƙi, dangin ango da suka zo ɗaurin aure daga wajen Minjibir, masallaci ya cika. Kawu ya sauke lodi a makare, ya yi alwala a gurguje, ya samu gurbi a sahun farko. Baffa ya juyo kamar kullum, idonsa ya sauka a kan ƙafar Kawu. Da ya bari a idar ya ja shi gefe, da ba a yi komai ba. Amma Baffa bai san wannan hanyar ba. A gaban baƙi ya ce, "Mai amalanke, koma ka wanke ƙafarka da bakin wandonka. Ruwa bai ƙare a duniya ba."

Kawu ya fita. Bai tsaya a bakin randa ba, ya wuce. Daga ranar ya koma sallah a masallacin da ke ɗaya ƙarshen gari, duk da nisansa. Ba su yi gaba ba, don dukansu sun san hukuncinta. In sun haɗu a hanya za su yi sallama, su tambayi iyali, kowa yana kallon wani wuri. Duk bazara Kawu zai kai taki gonar Baffa ya juye ya tafi, Baffa ya aika masa da hakkinsa ta hannuna. Haka na yi shekaru ina kai da kawowa tsakanin dangin uba da dangin uwa, kowanne yana tambayata lafiyar ɗayan kamar ba da gangan ba.

Ciwon Baffa ya zo ne a shekarun tsadar nan, lokacin da mota zuwa birni ta zama sai dole, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Ya fara da zazzaɓi da ciwon mara ta dama. Ya sha saiwoyi, ya sha na kemis, duk wanda ya tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Sai da ya kasa ɗaga guga, ranar da randar masallaci ta kwana rabi, sannan ya yarda na kai shi asibiti. Daga ƙaramin asibiti aka tura mu babba a birni. Aka ɗauki hoton ciki aka ce ƙurji ne a can ciki ya tara mugunya. Likitan, wani matashi mai tabarau da sanyin magana, ya ce ba sai an yanka ba. Za a huda fata a zura siririyar roba har inda mugunyar take, ta riƙa tsiyayowa cikin wata jaka. Baffa ya ji daɗin wannan, don ba ya son a buɗe masa ciki.

An sa robar lafiya, aka ɗinke ta da fata, aka manne da filasta. Yinin farko abin da ke sauka a jakar mugunya ce, zazzaɓi ma ya fara sauka. Washegari da safe na ga launin ya canja, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Kafin in yi magana hancin Baffa ya riga ni. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya kau da kai wajen bango.

Aka sake mayar da shi ɗakin hoto. Da muka dawo likitan ya jawo kujera ya zauna daidai kan Baffa, ya cire tabarau. Ya ce, "Baba, zan gaya maka gaskiya. Lokacin da nake zura robar nan, wani lanƙwason hanji ya shiga gabanta, ta huda shi. Abin da kake gani a jakar daga hanji yake. A hannuna abin ya faru."

Ni dai jinina ya hau. Na miƙe na fara magana da ƙarfi, har da Turancin da ban cika amfani da shi ba, ina cewa mun kawo mutum da ciwo ɗaya an ƙara masa na biyu. Baffa ya ɗaga yatsa.

"Malamin boko, zauna." Na zauna. Ya juya ga likitan. "Da gangan ka yi?"

"A'a, Baba."

"To. Ni ma ina noma fartanya takan sare mini dawa, kuma ni na shuka ta. Yanzu sai ka cire abarka."

Likitan ya girgiza kai. Ya ce cirewar ita ce haɗarin. A yanzu robar ce ta toshe hudar da ta yi, kuma duk abin da ya fito tana jawo shi waje. In aka janye ta yau, ƙazantar za ta malale a cikin ciki, daga nan sai babbar tiyata, ga shekaru, ga jiki ya yi rauni. In kuwa aka bar ta makonni, nama zai taso ya kewaye ta ya yi mata hanya, sannan a riƙa janye ta kaɗan-kaɗan, hudar ta rufe da kanta. Ya ce sau da yawa haka ake yi kuma a warke lafiya, muddin ba a taɓa ta ba. Ya maimaita wannan har sau nawa, yana kallona: kada a ja, kada a yanke ɗinkin, in ciki ya ƙage ko zazzaɓi ya dawo a taho ko da wane lokaci ne.

Mun ƙara kwanaki a asibiti, ba ci ba sha sai ƙarin ruwa da allurai. Baffa ya jure wannan ba ƙorafi. Yana taimama ya yi sallarsa a zaune, kuma na lura a can abin bai dame shi sosai ba, don kowa a ɗakin da tasa jakar ko nasa warin. Da ciki ya lafa, ya fara shan koko bai yi amai ba, aka koya mini yadda zan juye jakar in wanke bakin robar, aka sallame mu. Zaman birni ya fi ƙarfinmu, ga bazara ta shigo, gonaki na jira.

A gida ne abin ya zame masa ciwo. Zafin bazara ba ya rufa wa kowa asiri. Ina juye jakar safe da rana da yamma, Inna tana turara ɗaki, amma duk da haka in ka zauna kusa za ka ji. Masu dubiya suka yi ta zuwa, Baffa ya sa aka ce musu yana barci. Masallaci kuwa ga shi nan, bango ɗaya ya raba su. Yana jin kiran sallah, yana jin takun mutane, yana jin Liman na cewa a daidaita sahu, shi kuma yana zaune a kan buzu shi kaɗai. Liman ya shigo ya yi masa nasiha cewa abin da ya zama lalura an yi rangwame a kansa, sallarsa ta yi, ya fito cikin jama'a. Baffa ya saurare shi har ƙarshe ya yi masa godiya, bai fito ba. Abinci ma ya rage ci, wai don abin da ke sauka ya ragu. Ina kallon wuyan rigarsa yana ƙara faɗi, tsoro ya kama ni.

Wata rana na taso daga makaranta gab da azahar na tarar da Inna tsaye a bakin ƙofarsa, hannu a baki. Na leƙa. Baffa na zaune ya naɗe riga zuwa ƙirji. Ya ajiye kwanon ruwan ɗumi da gishiri, da farin ƙyalle wankakke a ninke, komai a tsare yadda ya saba. Ya riga ya ɓare filastar. Rezar gyaran farcensa tana hannunsa.

Na ce, "Baffa, me za ka yi?"

"Abin da ka gani. In yanke ɗinkin nan in janye ta, in toshe da ƙyalle."

"Likita ya ce in aka cire yanzu..."

"Ina wurin ya faɗa. Cikina ne."

"To ai Liman ya ce babu laifi, sallarka ta yi."

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da bai yi tilawa ba. "Liman a zauren nan ya koyi babin tsarki. Na san Allah ya yi mini rangwame. Wanda zai tsaya kusa da ni fa, shi ma an yi wa hancinsa rangwame? Shekara nawa ina mayar da mutane bakin randa saboda ƙasar gona. Yanzu ni in shiga musu da kashi a rataye?" Sannan ya ƙara a hankali, "Kuma ba zan iya zaman nan ba. Ina jin su suna kabbara."

Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinsa haka ba. Allah ya taimake mu ladan ya ɗaga murya. Baffa kuwa tun tasowata ba ya riƙe komai a hannu in ana kiran sallah. Ya ajiye rezar a gefen buzu ya fara amsawa. Inna ta shigo kamar mai neman wani abu, ta sunkuya ta ɗauke ta, ta fita. A tsakar gida ta kama hannuna.

"Reza ba ita kaɗai ce mai kaifi a gidan nan ba. Ni da kai ba za mu iya da shi ba, kunyarsa muke ji. Je ka kira Kawunka."

Na samu Kawu a wata gona a bayan gari yana juye taki. Na faɗa masa komai, yana ta aiki da shebur kamar ba da shi nake ba, har na fara nadamar zuwa. Da ya kwashe amalanken tas, ya kwance shanun ya ɗaure su a inuwar gawo, ya ce in wuce mu je. Na ce ko zai biya gida ya sauya riga. Ya ce a'a.

Haka ya shiga ɗakin da ya yi shekaru bai taka ba, da taki har ƙauri. Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa daf da Baffa, ta gefen jakar.

"Malam, an ce kana wari."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Bari in ji." Kawu ya sunkuyar da kai ya shaƙa, ya ɗago yana taɓe baki. "Wannan ne? Wannan ne ya hana ka masallaci? Malam, ni da na kwashe jujin mahauta da tsakar rana. Naka ko kunya ɗaya ta albasa ba zai ciyar ba."

Na ga gefen bakin Baffa ya motsa, amma ya danne. Ya ce, "Ka zo ka rama ne, Mai amalanke? Rama. Ranarka ce."

"Da ramuwa na zo da na taho da baƙi." Kawu ya gyara zama. "Ji nan. An kusa la'asar. Za ka mayar da filastar nan, ka saki riga a kai, mu je. Ba bayan liman za ka tsaya ba. Ƙarshen sahu za mu je, bango a hagunka, ni a damanka ta gefen jakar. Duk wanda ya ji wani abu zai ce nawa ne. An saba."

Baffa ya daɗe yana kallon tabarma. Ni na san abin da ke cikin maganar nan, shi ma ya sani: mutumin da ya kunyata a gaban baƙi ne ya zo yana ba shi aron sunan ƙazami da shi ya laƙaba masa. Na ga idon Baffa ya cika, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne mahaifina. Ya share da bakin riga, ya miƙo mini filastar in mayar. Sannan ya dubi ƙafafun Kawu.

"To ka wanke ƙafarka tukuna."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "In na wanke, warin wa za a ce?" Amma ya fita, Inna ta ba shi ruwa, ya wanke. Rigar dai bai sauya ba.

Da suka shiga masallaci mutane suka buɗa wa Baffa wurinsa na bayan liman. Ya wuce shi, yana dafe da kafaɗar Kawu, har ƙarshen sahu. A zaune ya yi sallar ranar. Ban sani ba ko wani ya ji wani abu, babu dai wanda ya nuna. Daga ranar Kawu ya dawo masallacinmu. Sau biyar a yini yake zuwa ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "A gaya wa Malam amalanke ta iso," ko da kuwa yana tsakiyar lodi a wata gona mai nisa. Baffa ya koma cin abinci. Rezar kuma Inna ta mayar masa da kanta, ya ci gaba da gyaran farcensa a gindin darbejiya.

Damina ta sauka muna zirga-zirgar asibiti. Duk zuwa sai a ɗauki hoto, likitan ya janye robar kaɗan ya sake ɗinkewa. Abin da ke sauka a jakar ya yi ta raguwa har ya ƙafe. Ranar da ya zare ta gaba ɗaya ya rufe wurin da auduga, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Baba, na gode da ka bar ta. Wallahi na yi ta tunaninka." Baffa ya ce ba shi za a gode wa ba, akwai wani mai amalanke a garinsu. Likitan bai gane ba, ya yi murmushi kawai. Da kaka ta yi Baffa ya sa na kai masa gyaɗa, wadda shi da kansa ya zauna ya tsince ya fitar da duk mai baƙi.

Wurin ya ɗan yi tsiyaya na kwanaki, ya bushe, ya bar tabo kamar ƙwayar wake. Baffa ya koma jan ruwa. Amma bai koma bayan liman ba. An yi an yi, ya ce ya saba da bango. Nan ya ci gaba da tsayawa, Kawu a damansa, har sallar asubar ranar da ya rasu. Ba zan ce ya daina duba ƙafafun mutane ba, don ƙarya ba ta dace da mamaci ba. Abin da ya canja shi ne, in babba ne sai ya tashi ya ɗauko buta ya ajiye kusa da shi, bai ce komai ba. Yara da malaman boko kuwa ba su samu wannan sassaucin ba.

Shi da Kawu ba su daina faɗa ba. Sun yi a kan farashin taki, sun yi a kan ganin wata, sun yi a kan saniyar da ta shiga wake. A cikin irin wannan zaman ne, ina wurin, Liman na wurin, Baffa ya ce ba tare da wani shiri ba, "Ku shaida, in na riga shi, Mai amalanke ne zai yi mini wanka."

Kawu ya ce, "Ni da ba ni da tsabta?"

"Shi ya sa. Ka san inda datti yake ɓuya."

Muka yi dariya aka wuce wurin. Ba ciwon ciki ne ya ɗauke shi ba. Shekaru bayan haka, ya dawo daga rijiya ya ce kansa na juyawa, ya kwanta a kan buzu, Inna na kusa tana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa, shi ke nan. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi kowace randa da ya cika, ya sa shi a sahun da babu mai korar wani. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari.

Ni na zuba wa Kawu ruwa a wurin wankan. Kafin ya shiga ya zauna a bakin ƙofa ya wanke hannuwansa da ƙafafunsa da sabulu, ya bi faso ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi rezar Baffa a wurin Inna ya yanke farce. Sannan ya yi bisimilla ya fara. Bai yi sauri ba. Da ya zo gefen dama hannunsa ya tsaya a kan tabon nan, ya ɗan jima, ya wuce. Ya yi na farko, ya maimaita, ya sake maimaitawa, ya bi bayan kunne da tsakanin yatsu, har ruwan da muka tanada ya ƙare. A waje ana ta gyaran murya, makara na jira.

Na ce, "Kawu, ya isa haka. An yi na sunna, bokitan ma babu komai."

Bai ɗago ba. Yana riƙe da ƙafar Baffa a tafin hannunsa, ya ce, "Je ka ƙaro. Ruwa bai ƙare a duniya ba."

Na ɗauki bokiti na nufi rijiya.